Takardar Koke Kan Haƙƙin Tsohon Hedimastanmu

Zuwa ga Mai Girma Gwamna,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.



Ranka ya daɗe, mu ne iyayen yara da tsofaffin ɗaliban firamaren garinmu. Kukanmu a kan tsohon hedimastanmu ne, wanda tun da ya ajiye aiki har yau ko sisi bai gani ba daga kuɗin giratutinsa. Bai san mun rubuto ba. Da ya sani da ya hana, domin mutum ne mai jin nauyin tambaya ko da abin nasa ne.

Malam yana cikin yaran da shirin UPE na 1976 ya sa a makaranta. Daga kwalejin horon malamai ya ɗauki alli, NCE ma a lokutan hutu ya ƙaro ta, har ya cika shekara 35 yana koyarwa. Shekarar da iska ta yaye kwanon ajinmu, gindin darbejiya ya mai da mu, ya jingina allo da kututture, yana goge shi da hannun rigarsa. Allin kuwa sau da yawa daga aljihunsa yake fitowa. Bayan la'asar ga ajin yaƙi da jahilci na magidanta. Da mutane suka yi ta rufe ƙofa ga masu allurar shan-inna, shi ya fara miƙa ɗansa a gaban masallaci aka ɗiga masa maganin, sannan sauran suka fito da nasu. Ya yi aikin ƙidayar 1991 da ta 2006. Marayun wansa a tukunyarsa suka tashi, kuma baƙo ba ya iya bambanta su da 'ya'yan cikinsa.

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ta tarar ya riga ya fita. Wannan rabo ne, ba ma ja da shi.

Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne jelen da ake sa shi. Duk sa'ad da aka kira tantancewa, dattijo mai hawan jini zai yi sammako zuwa babban birni, takardunsa ƙunshe a leda, ya wuni a layi cikin rana, a ƙarshe a ce fayil bai sauko ba, ko kuwa rukuninsu bai zo ba tukuna. Kuɗin motar ma rance ne. Babur ɗinsa ya tafi a wajen sayen magani, gonar gado tana jingina.

Fanshon da ke shigowa kuma yana nan yadda aka yanka shi, alhali tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 kwanon masara ya fi ƙarfin talaka, mafi ƙarancin albashi ma ya tashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Mai Girma ya fi mu sani cewa sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka gyara albashi, wanda ya riga zuwa.

Don haka muna roƙon Mai Girma ya ba da umarni a nemo fayil ɗin Malam a biya shi giratutinsa tun yana raye, kada sai magada sun zo karɓa. A daidaita fanshonsa da na takwarorinsa yadda doka ta tanada. Tantancewa kuma a sauko da ita sakatariyar ƙaramar hukuma, marasa lafiya a bi su gida. Kwafin takardar kama aikinsa da ta ritaya suna haɗe da wannan.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, amin.

Mu ne masu biyayya,
Iyayen yara da tsofaffin ɗalibai.