Teku Ba Kududdufi Ba Ne

Duk Sallah, samarinmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 sukan cika mota su nufi bakin teku, kamar Elegushi. Ban ce kada a je ba, amma ina da magana.

Yawancinmu a kogi ko kududdufi muka koyi iyo. Teku daban yake. Bayan igiyar ruwa ta bugi gaɓa, ruwan yakan haɗu a wuri ɗaya ya koma ciki da ƙarfi. Idan ya ja mutum, ya ce sai ya komo gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa ne zai ƙare. Abin yi, ka kwantar da hankalinka, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga jan, ka ɗaga hannu a gan ka.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar masu aikin ceto. Mutum ya busa maka usur ya ce ka fito, kai kuma ka ga raini ne. Haba ɗan uwa! Shi ya wuni yana karantar ruwan nan, ya san inda yake ja. Ko a 2012 teku ya yi ambaliya a Kuramo, ya tafi da mutane.

Inda babu mai ceto, ko aka kafa jar tuta, kada ka shiga. Idan ka ga wani yana nutsewa, kira masu ceto, ka jefa masa jarka marar komai, kada ka faɗa ku zama biyu.

Iyayenmu nema suka zo yi Kurmi, ba karɓar gaisuwar mutuwa ba. Allah ya tsare mu, amin.