Ƙwallon giginya ne, Inna



Ran zubin da ya wuce, an rufe akwati, masu makulli sun ɗaure nasu a bakin zane, amma ba mu tashi ba. Wata daga cikinmu ce ta riƙe mu da magana. Ta ce tana shara a bayan rumbu sai ta tsinci ƴar tsanar ɗiyarta, gara har ta fara cin tsumman da anka ɗaura mata. Ƴar tsanar nan fa, bara waccan in ƙanenta ya taɓa ta sai an yi kukan da maƙwabta za su leƙo. Ta kakkaɓe ta kai mata. Yarinyar ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Inna, ai ƙwallon giginya ne." Ta juya ta ci gaba da gyaran kallabi a madubi.

"Wallahi," in ji uwar, "sai na ji kamar an yi mini rasuwa, kuma ban san wa ya mutu ba."

Munka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Gaskiya yarinyar ta faɗa, ƙwallon giginya ne. Mu da munka tashi a Tanda da ƙauyukan bakin gulbi mun san shi sarai. A tsotse, a wanke, a shanya, sai gashin nan ya tashi buzu-buzu, mu zauna mu yi mishi kitso. Mu raɗa suna, mu goya, mu hana kowa magana da ƙarfi wai jaririya na barci. Tuwon ƙasa a gwangwani, miyar ganyen da akuya ma ba ta ci, kuma sai mun yi wa juna tayi. Har adashe mun yi da tsakuwa tun ba mu taɓa riƙe dala ba, kuma ko a lokacin akwai wadda ba ta zubi sai an bi ta gida. Ta san kanta, tana nan cikinmu.

Gulbin kansa ba ruwa kawai ba ne a wurinmu. Gari ne a ƙarƙashi, mai sarauniya da fada. Tsofaffin Dandawa suna ba mu labarin Harakoi Dikko, uwar ruwa, namu kakannin kuma suna ba mu na ƴan ruwa masu jan ƙafar yaron da ba ya jin magana. In dorina ta yi gurnani da dare, mu dunƙule cikin zanen kaka. In an ce wane ya tafi Malanbil, ji muke kamar ya tafi bangon duniya, alhali ga ta nan ƙetaren gadar Gaya. Ba mu yin tatsuniya da rana don an ce mai yi ɓata yake yi, kuma mun yarda, ɗari bisa ɗari. Gizo a wurinmu maƙwabci ne.

To, yaushe wannan duka ya tafi? Da munka bi abin a wurin zubi, kusan kowa amsarta ɗaya: lokacin da wani ya fara kallonmu.

Ku tuna dandali da farin wata. Ana gaɗa, ana tafi, ke kuma kin san daidai inda yake tsaye ko ba ki waiwaya ba. Bai taɓa yi miki magana ba. Ƙanensa yake aikowa da sandar rake, ko sabulu, ko dala biyar a dunƙule cikin takarda. Sunansa ba ya fita bakinki, ko ƙawa ta matsa sai ki ce "wancan". Kuma da za a bincika, ba shi kike so ba tukuna. Wanda kinka gina a zuci kike so, kamar yadda kinka gina ɗakin ƙasa a gindin giginya: kin yi mishi gida, kin yi mishi hali, kin ba shi maganganun da bai taɓa faɗi ba. Mu dai a ganinmu son fari shi ne wasanmu na ƙarshe, ba shi ya kashe ƙuruciya ba.

Yadda ya ƙare kuwa, kowa da nata. Wata, an gama girbi ya tafi biɗa Kwatano ko Legas, kafin ya dawo an raba goronta da wani. Wata an ce ba sa'anta ba ne. Wata kuma shi ɗin ta aura, kuma ita ce ta fi ba mu dariya. Ta ce wata uku da tarewa ta dube shi yana minshari, cefane bai cika ba, ta ce a ranta, "Ashe kai ma ƙwallon giginya ne."

Amma Gwaggonmu, wadda ta girme mu duka, ba ta yi dariya ba. Ta ce mu daina ɗora wa samari. Ta ce ba saurayi ke sauke ƴar tsana daga bayan yarinya ba, farantin talla ne, kuma mu ke ɗora shi.

Maganar ta yi ɗaci, don gaskiya ce. Shekara bakwai, takwas, mun aza mata muruci ko ƙosai ko dambu a ka. Yarinyar da jiya ganye ne kuɗinta, yau in dala goma ta ɓace sai ta kwana da kuka. Kuma mu faɗa wa juna tsakani da Allah: zubin mako na nawa daga cikinmu ke fitowa daga farantin nan? Tun da CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, akwati ya fitar da mata da yawa kunya, mu ma shaida ne. Sai dai akwati ba ya tambayar daga ina jikka ta fito. Mu ne ya kamata mu tambaya.

Daga talla sai toshi. Ranar da ta fara shigowa da sabulun da ba mu saya ba, mene ne tambayarmu ta fari? Da yawanmu ba "wane ne shi?" muke cewa ba, "nawa ya ba ki?" muke cewa. Mu karɓa, mu ƙara a kuɗin kwanoni da katifa, wai tarin kayan ɗaki. Ita tana can tana gina gidanta na zuci, mu mun riga mun mai da abin lissafi. Kuma wanda ya ci toshi ya ci bashi. Ranar da iyayen yaro sunka aiko, bakinmu ya yi nauyin cewa a dakata, ko da tana tsakiyar lakwal.

Ba mu kaɗai ba ne. Babban binciken lafiya da yawan jama'a da anka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin mata 100, 76 an aurar da su kafin su cika shekara 18, 28 kuma kafin 15. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace mai karatu, don ta zauna lakwal har shekara 16. Takarda ce mai kyau, amma takarda ba ta shiga tsakar gida. Mu ke ciki.

Wata ta ce, to me za mu yi, tsoron abin kunya ne. Ba mu ce ƙarya take ba. Zamanin ya sake. Da, ƙane ake aikowa, kuma duk unguwa ta ga shigarsa. Yanzu saƙon murya ne a salula, cikin dare, ba wanda ya ji. Tun da anka rufe gada a 2023 fito ya koma ga jirage, bakin gulbi ya cika da ƴan dako da ƴan kabu-kabu da baƙi, samari masu kuɗin yini a aljihu, kuma can ciniki yake, can muke tura faranti. Mu tura ta inda ido ya fi yawa, sa'annan mu ce tsoro ya sa mu gaggauta aure. Ƴan uwa, wannan lissafin ko ma'ajinmu ba za ta karɓe shi ba.

Abin da munka tsayar a ƙungiyarmu kaɗan ne, kuma ba mu ce kowa sai ta bi ba. Kuɗin toshi ba ya shiga zubi. Wadda zubinta ya gagara ta faɗa a fili a ɗaga mata, ya fi ta tura yarinya talla bayan magariba. Sa'annan, tun da yawancinmu kunya ba ta barinmu zancen so da ɗiyanmu, balle ɗiyar fari da ko sunanta ba mu kira, kowace ta nemo wa tata wata uwa cikin ƙungiya, ƙanwar uwa ko gwaggo, wadda za ta iya zama ta ji labarin "wancan" ba tare da ta yi tsawa ko ta fara ƙirgan kwanoni ba. Yarinya ƴar shekara 13 da ke son wani ba miji take nema ba. Kunne take nema, ta faɗi abin, ta ji yadda yake a baki. Sau da yawa kafin damina ta zagayo ita da kanta za ta ce ba ta san me ta gani ba.

Ita kuwa mai ƴar tsanar, mun tambaye ta ina ta kai ta. Ta ce ta so ta jefa a murhu, hannunta ya ƙi. Ta sake mata tsumma ta sa a ƙasan kwallar da take ajiyar zannuwa. Bayan kwana biyu, da dare, suna tankaɗe su biyu, yarinyar ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Inna, abin nan, kin yar?"

Ta ce, "Ban yar ba."

Yarinyar ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗe.