Gadon Taglioni Ba Ƙarfe Ba Ne: Ducati Tsakanin Al'ada da Ci Gaban Fasaha

A watan Yuli na shekarar 2024 kamfanin Ducati na ƙasar Italiya ya nuna wa duniya sabon samfurin baburinsa na gudu mai suna Panigale V4. Maimakon tafi, sai aka ji masoya kamfanin da dama suna gunaguni, domin an cire wani abu da suka ɗauka tamkar tambarin gidan ne. Tun daga babur ɗin 916 na shekarar 1994, wanda Massimo Tamburini ya zana, an saba ganin tayar baya ta manyan baburan Ducati tana rataye a hannu guda na ƙarfe daga gefen hagu, ɗaya gefen kuwa a buɗe fayau. A sabon samfurin sai aka mayar da hannu biyu, irin na kowane babur. Watanni kaɗan bayan haka kamfanin ya fito da sabon inji mai silinda biyu wanda ba shi da tsarin bawul na desmo, wato abin da ya fi kome bambanta Ducati da sauran kamfanoni. Masu gunaguni suka ce an sayar da gado. Wannan zargi ya cancanci a duba shi da idon basira, domin akwai gaskiya a cikinsa, amma ba ta kai yawan da masu yin sa suke zato ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake kira desmo. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe kan injin babur ya san cewa bawul ƙofa ce: ɗaya tana shigar da mai da iska, ɗaya tana fitar da hayaƙi. A yawancin injuna, wani ƙarfe mai ƙusumbi da ke juyawa shi ne ke tura bawul ta buɗe, sannan sifirin ya jawo ta ta rufe. Idan inji yana juyi sau 12,000 a minti ɗaya, to kowace bawul tana buɗewa da rufewa sau 100 a cikin daƙiƙa guda. A irin wannan gudu, idan sifirin ya makara ko da ƙiftawar ido, bawul ba za ta koma mazauninta ba kafin fistin ya taso, sai su yi karo, inji ya tarwatse. A shekarun 1950 wannan babbar matsala ce, saboda ƙarfen da ake yin sifirin da shi bai da tsabta sosai, yakan gaji ya karye. Idan kuma aka ƙara masa tauri, sai ya cinye wani ɓangare na ƙarfin injin.

Injiniya Fabio Taglioni, wanda ya shiga Ducati a 1954, ya zaɓi ya sauke wa sifirin wannan nauyi baki ɗaya. A tsarinsa, hannu ɗaya na ƙarfe ne ke buɗe bawul, wani hannun kuma ya rufe ta da ƙarfi, ba tare da jiran sifirin ba. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci guda biyu masu ma'anar ɗauri da hanya. Ba Taglioni ne ya ƙago dabarar ba, domin kamfanin Mercedes ya yi amfani da ita a motocinsa na tsere a 1954 da 1955. Abin da ya yi shi ne ya sa ta a ƙaramin inji mai cc 125, wanda ya ci tserensa na farko a Hedemora ta ƙasar Suwidin a 1956. Daga baya nasarar Paul Smart a Imola a 1972, da ta Mike Hailwood a Tsibirin Man a 1978, suka mayar da desmo abin alfahari.

Abin lura a nan shi ne, a ranar da aka fito da shi, desmo ba al'ada ba ce, bidi'a ce. Amsa ce ga wata tambaya ta musamman game da raunin ƙarfe. Ita kuwa wannan tambaya masana ƙarafa sun daɗe da amsa ta ta wata hanya dabam. Tun a 1990 kamfanin Honda ya sayar wa jama'a babur CBR250RR wanda injinsa ke juyi har sau 19,000 a minti ɗaya, da sifirin na yau da kullum. Saboda haka wanda ya ce inji ba zai yi gudu ba sai da desmo, yana magana ne a kan ƙarfen zamanin kakansa.

Sannan akwai kuɗin da mai babur ke biya. A tsarin desmo kowace bawul tana da tazara biyu da za a auna a daidaita, ta buɗewa da ta rufewa, aikin kuma na gwani ne, ba na kowane gareji ba. Lokacin da Ducati ta sa sifirin a injin Multistrada V4 a 2020, tazarar duba bawul ta kai kilomita 60,000, alhali ta Panigale V4 mai desmo kilomita 24,000 ce. Matafiyin da ke ƙetare ƙasashe a kan babur ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan bambanci.

Labarin hannun taya ya fi wannan ma sauƙi. Amfaninsa na asali shi ne saurin sauya taya a tseren juriya na awa ashirin da huɗu ko takwas, kuma Honda ta riga Ducati sa shi a babur RC30 na 1987. Kyaunsa ne ya sa aka riƙe shi. To amma baburan tsere na yanzu suna kwanciya a kwana har fiye da digiri 60. Idan babur ya kwanta haka, shokazoba ba ta iya shanye gargadar hanya yadda ya kamata, domin bugun yana zuwa mata ne daga gefe. Dole ne firam da hannun taya su ɗan lanƙwasa su yi wannan aiki, in ba haka ba taya ta rabu da kwalta. Hannu guda kuwa sai an yi shi da kauri da tauri kafin ya iya ɗaukar nauyi, ga shi kuma ba ya lanƙwasawa daidai wa daida a hagu da dama. Ducati ta bayyana cewa sabon hannun ya rage taurin gefe da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wannan darasi kamfanin ya saye shi da tsada: bayan Casey Stoner ya ci kambin duniya na MotoGP a 2007, an sauya firam ɗin bututun ƙarfe da wani mai tsananin tauri a 2009, kuma Valentino Rossi, duk da gwanintarsa, ya yi shekara biyu, 2011 da 2012, bai ci ko tsere ɗaya ba a kan babur ɗin. Ke nan shi ma sabon abu yana iya zama kuskure, idan an yi shi ba tare da sauraren mahayi ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗauki masu gunaguni a matsayin jahilai. Babur mai ƙarfin doki sama da 200 ba abin bukata ba ne ga kowa. Abin sha'awa ne, kuma mai saye yana biyan kuɗin ƙara da siffa da tarihi kamar yadda yake biyan kuɗin gudu. Kamfanin ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa. Babur ɗin 999 na 2003, wanda Pierre Terblanche ya zana da hannu biyu, ya ci gasar Superbike ta duniya a 2003 da 2004 da 2006, amma masoya da yawa suka juya masa baya saboda kamanninsa, har sai da aka dawo da hannu guda a babur 1098 na 2007. Bugu da ƙari, tsoronsu yana da tushe: idan kowane kamfani ya bi lissafin kwamfuta iri ɗaya da gwajin iska iri ɗaya, ƙarshenta baburan duniya za su zama kamar 'yan gida ɗaya, fenti kaɗai zai raba su. Fikafikan da Ducati ta fara yayatawa a MotoGP wajen 2015 yanzu sun bazu ko'ina, kuma ba kowa ne zai rantse sun ƙara wa babur kyau ba.

Sai dai kuma al'adar da ake karewa ita kanta dokar tsere ce ta raine ta. Shekaru da yawa an bar injin silinda biyu ya kai cc 1000 a gasar Superbike, yayin da aka tsayar da mai silinda huɗu a cc 750. Daga 2008 rangwamen ya koma 1200 da 1000. Daga baya sai da faɗin fistin na Panigale 1299 ya kai milimita 116, girman da ya kusa iyakar abin da wuta za ta iya ƙonewa da kyau a irin wannan gudu. Da aka gabatar da Panigale V4 mai silinda huɗu a birnin Milan a ƙarshen 2017, an yi irin wannan kuka, alhali injin silinda huɗu yana gidan tun 2003 a baburan MotoGP. Álvaro Bautista ya ci gasar Superbike da shi a 2022 da 2023, kukan kuma ya lafa.

Wani abin sha'awa shi ne sabon injin silinda biyu na 2024 bai fi tsohon ƙarfi ba. Tsohon mai cc 955 yana ba da ƙarfin doki 155, sabon mai cc 890 kuwa 120 kacal, amma nauyinsa bai kai kilo 55 ba. Ɗalibin aikin injiniya da ya saba auna ci gaba da ƙaruwar lamba ya kamata ya tsaya a nan ya yi nazari, domin an rage ƙarfi da gangan a nemi sauƙin nauyi, da sauƙin gyara, da bin dokokin hayaƙi na Turai.

Shi kuma desmo bai mutu ba. A MotoGP, inda abokan hamayya suka koma rufe bawul da matsattsiyar iska, Ducati ta tsaya a kan tsarin Taglioni, kuma da shi Francesco Bagnaia ya ci kambi a 2022 da 2023, Jorge Martín a 2024, Marc Márquez a 2025. A can ba don tunawa da marigayi aka bar shi ba. An bar shi ne domin agogon tsere bai kore shi ba tukuna. Har ila yau, da kamfanin ya fito da baburinsa na farko na tseren ƙasa da tudu a 2025, desmo ya sa masa, ya kuma raɗa masa suna Desmo450 MX.