Takobi da harshe: ina ingancin zane yake a finafinan samurai na Japan?

Tun da kamfanin ufotable ya fitar da Demon Slayer a shekarar 2019, ma'auni guda ya kankane hirar masu kallon anime, wato finafinan zane mai motsi na ƙasar Japan. Da zarar an ambaci sabon shiri, abin da ake fara tambaya shi ne ko zanen yana gudana sumul, ko takobi yana tartsatsin wuta, ko hoton yana zagaya mayaƙa kamar guguwa. Shirin da ya cika waɗannan sharuɗɗa sai a yaba masa. Wanda hotonsa ya tsaya cik na ɗan lokaci kuwa sai a yanke masa hukuncin ƙarancin kuɗi ko lalacin masu zane. Wannan ma'auni yana da inda yake aiki, amma idan aka ɗora shi a kan finafinan samurai na tarihi, yakan sa a yi watsi da mafi ingancinsu. A irin waɗannan ayyuka, kyan zane yana cikin jituwarsa da yanayin labarin da kuma harshen da aka sa a bakin mutanen cikinsa. Ɗalibin kimiyyar harshe ya fi kowa cancantar gane haka, domin ya san yawan kalmomi bai taɓa zama ma'aunin iya magana ba.

Ya kamata a fara da yadda ake yin aikin. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowane sakan. Lokacin da Osamu Tezuka ya soma shirin Tetsuwan Atomu a talabijin a 1963, ba shi da kuɗi ko ma'aikatan da za su zana sabon hoto ga kowane ɗaya daga cikin 24 ɗin a kowane mako. Sai kamfaninsa ya rungumi tsimi: zane ɗaya ya zauna tsawon hotuna uku, abin da ke ba da zane takwas a sakan, baki ya motsa fuska na tsaye, a maimaita wani yanki da aka riga aka zana. Dabarar da talauci ya haifar ita ce ta zama nahawun anime daga baya. Masu ba da umarni suka koyi cewa tsayar da hoto yana da ma'ana, kamar yadda dakatawa take da ma'ana a tsakiyar jumla. Bahaushe ya riga ya faɗa, shiru ma magana ce. Wanda yake ƙirga motsi kaɗai ya yi kama da mai nazarin zance da ya share duk inda mai magana ya numfasa, sannan ya yi mamakin yadda ma'ana ta gudu.

Tarihin samurai kansa yana goyon bayan wannan tsimi. Zamanin Edo, wanda ya ɗauki daga 1603 zuwa 1868 a ƙarƙashin gidan Tokugawa, zamani ne na dogon zaman lafiya. Bayan an murƙushe tawayen Shimabara a 1638, akasarin samurai sun rayu sun mutu ba su ga fagen daga ba. Sun zama ma'aikatan mulki masu karɓar albashin shinkafa, suna rataye da takubba biyu a matsayin alamar daraja. A 1876 gwamnatin Meiji ta haramta musu yawo da takobin ma. Rayuwar da ta ginu a kan ladabi, da matsayi, da tsoron kunya, da jiran abin da watakila ba zai zo ba, ba a bayyana ta da wulƙawar wuta a kowane minti. Fim ɗin da yake son ya kama ruhin wannan zamani dole ya iya zama wuri guda.

Babu misalin da ya kai Rurouni Kenshin, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Kenshin le vagabond, bayyana alaƙar zane da harshe. Labarin, wanda Nobuhiro Watsuki ya ƙirƙira, ya faru ne a 1878. Kenshin tsohon makashi ne da ya yi rantsuwar ba zai sake kisa ba, yana yawo da takobin da kaifinsa yake ta baya. A shirin talabijin da aka soma a 1996, yana kiran kansa da wakilin sunan sessha, wanda asalin ma'anarsa mutum marar gwaninta, yana kuma rufe jumlolinsa da de gozaru, tsohuwar siga ta ladabi wadda take tushe ɗaya da gozaimasu na Japanancin yau. Idan faɗa ya tsananta har tsohon halinsa ya motsa, sai sessha ta ɓace, ore ta maye gurbinta, wato wakilin sunan da namiji yake amfani da shi cikin gadara, de gozaru kuma ta faɗi daga ƙarshen jumla. A daidai wannan lokaci masu zane suna sauya idanunsa daga launin shunayya zuwa ruwan zinariya, su ƙanƙance su. Sauyin launin ido ba ya bukatar zane ɗari, amma da yake ya zo tare da sauyin wakilin suna, mai kallo yana gane cewa wani mutum dabam ne ya tsaya a gabansa.

Masanin harshe Satoshi Kinsui na Jami'ar Osaka ya ba wa irin wannan magana suna yakuwarigo, wato harshen rawa ko harshen matsayi, a littafin da ya wallafa a 2003. Abin da ya nuna shi ne akwai salon magana da Bajapane yake ji ya gane nan take cewa tsohon malami ne, ko ƴar masu kuɗi, ko samurai, ko da kuwa ba a samun mai yin magana haka a titi. Harshen samurai na anime ba kwafin maganar mutanen Edo ba ne. An ɗebo wasu alamomi ne daga tsohon harshe aka dasa su a kan Japanancin zamani domin kowa ya fahimta. Zanen ma haka yake: gashin Kenshin ja ne, rigarsa mai haske, abubuwan da ba tarihi ya ba shi ba. Harshe da zane duka yarjejeniya ce tsakanin mai shiri da mai kallo, kuma ingancin aiki yana cikin cika wannan yarjejeniya.

A 1999 Studio Deen ya fitar da Tsuiokuhen, kashi huɗu da suka koma baya zuwa ƙuruciyar Kenshin a Kyoto a wajajen 1864, lokacin da yake kisa domin masu neman kifar da gwamnatin shogun. Mai ba da umarnin shi ne Kazuhiro Furuhashi, wanda ya jagoranci shirin talabijin, kuma muryar Kenshin ita ce ta Mayo Suzukaze kamar da. Duk da haka aikin ya fito kamar daga wata duniya. An rage hasken launuka, an zana fuskoki kusa da siffar mutane, an cire barkwanci baki ɗaya. Babu de gozaru, domin Kenshin bai riga ya ɗauki wannan ladabi a matsayin garkuwa ba. Faɗa yana ƙarewa cikin sakan kaɗan, sannan hoto ya daɗe a kan ruwan sama, ko dusar ƙanƙara, ko jinin da yake sake tsattsafowa daga tabon kuncinsa. Da an ƙawata wannan labari da walƙiya irin ta yau, da kisan ya zama abin sha'awa, alhali manufar aikin ita ce a ji nauyinsa.

Shigurui, wanda kamfanin Madhouse ya yi a 2007 ƙarƙashin Hiroshi Hamasaki, ya kai wannan hanya maƙura. Ya buɗe ne a 1629 a fadar Suruga, inda Tokugawa Tadanaga, ƙanen shogun Iemitsu, ya ba da umarnin a yi gasa da takubban gaske a maimakon na itace. Masu karawar su ne Fujiki mai hannu ɗaya da Irako makaho. A cikin kashi 12 na shirin, launuka sun kusa komawa fari da toka, mutane suna daɗewa ba su motsa ba, ana jin kukan ƙwari da numfashi, wani lokaci a nuna tsokar jiki tana ɗaurewa a ƙarƙashin fata. Sara ɗaya yake raba gardama. Masu ma'aunin motsi sukan kira wannan jerin hotuna marasa rai. Sai dai labarin yana magana ne a kan tsarin da biyayya ga ubangida ta shaƙe mutane har ba su da ikon ɗaga kai, kuma tsayuwar hoton ita ce take sa mai kallo ya ɗanɗani wannan shaƙa. A wani ɓangaren akwai Saraiya Goyou na 2010, labarin samurai marar ubangida, mai tsananin kunya, wanda ya faɗa cikin gungun masu satar mutane a Edo. Faɗa kaɗan ne a cikinsa. Ƙarfinsa yana cikin kallon gefen ido, da hayaƙin lofe, da maganar da aka fara ba a ƙarasa ba.

Mai jayayya zai ce ana neman mayar da gazawa abin yabo, kuma akwai gaskiya a cikin tsoronsa. Motsi mai kyau yana da daraja wadda ba a musunta ta. Karawar ƙarshe ta Sword of the Stranger, fim ɗin da kamfanin Bones ya fitar a 2007, wadda Yutaka Nakamura ya zana, tana cikin mafi shahara a tarihin anime, kuma saurinta ne ya ba ta wannan matsayi. To amma fim ɗin ya shafe mafi yawan lokacinsa jarumin yana ɗaure da takobinsa a cikin kube, ya ƙi zare shi. Dogon haƙurin ne ya sa zarewar ta yi tasiri. Haka nan Samurai Champloo na Shinichiro Watanabe, wanda aka nuna daga 2004 zuwa 2005, cike yake da tsalle da kiɗan hip-hop, har da wasan ƙwallon gora a zamanin Edo. Shirin ya sanar tun kashin farko cewa bai damu da daidaiton tarihi ba, kuma sunansa ya fito ne daga wata kalmar Okinawa mai nufin abincin da aka cakuɗa. Mugen yana faɗa a hargitse, yana magana cikin gatsali. Jin yana sara a tsanake, yana magana a tsanake. Kowanensu takobinsa da harshensa bakinsu ɗaya. Saboda haka hukuncin bai tsaya ga sauri ko jinkiri ba. Rashin inganci na gaskiya shi ne fuska ta lalace a inda ake bukatar a karanta baƙin ciki a kanta, ko a cusa barkwanci a kan gawa ba da wata manufa ba, ko a zuba ƙyalli a labarin da yake neman duhu. Irin wannan ƙyalli kyan ɗan maciji ne.

Akwai wani al'amari da ya shafi masu kallo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kai tsaye, domin galibi ta fassarar Faransanci suke isa ga waɗannan ayyuka. Faransanci wakilin suna ɗaya gare shi na mai magana tilo, don haka sessha da ore duka sukan koma je. Rabin alamar da ta nuna sauyin Kenshin ta zube ke nan a hanya, ya rage saura launin ido. Ba abin mamaki ba ne mai kallon da aka hana shi rabin saƙo ya mayar da dukkan hankalinsa ga motsi. Da za a juya shirin zuwa Hausa, kamar yadda ake juya finafinan Indiya, da an sami kayan aikin da Faransanci ba shi da su a kusa: mai ƙanƙan da kai yana iya kiran kansa bawanka, yana iya girmama mutum guda da ku, yana iya buɗe magana da ranka ya daɗe, sannan ya yar da su duka idan rai ya ɓaci. Hausa kuma tana da nata tarkon. A Dororo, labarin Tezuka da aka sake yi a 2019, Dororo yarinya ce da aka rena a matsayin namiji, tana kiran kanta oira irin na yaran karkara, kuma Japananci yana barin sirrin ya daɗe a rufe. Mai fassara zuwa Hausa dole ya zaɓi kai ko ke, ya ko ta, tun jumlar farko. Waɗannan tambayoyi ne na walwalar harshe da nazarin fassara waɗanda suka isa a gina kundin bincike a kansu.

Abin da ake roƙon mai kallo, musamman wanda ya zauna a ajin kimiyyar harshe, bai wuce ya yi wa hoto adalcin da yake yi wa zance ba. Kafin ya yanke hukunci a kan shirin da ya ga kamar ba ya motsi, ya saurari muryar asali ko da ba ya jin Japananci, ya lura da kalmar da jarumi yake kiran kansa da ita da kuma lokacin da ta sauya, ya tambayi abin da tsayuwar hoto take ɗauke da shi a wannan gurbi. Malamai ma suna da damar shigo da irin waɗannan misalai cikin darasin wakilin suna da salon magana, tun da ɗalibai sun riga sun san su ciki da bai. Shirin da ya gaza bayan wannan gwaji ya cancanci suka, kuma a lokacin sukar za ta zo da hujja.