Bashin gwamnati: yaushe yake gina ƙasa, yaushe yake danne ta?

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gwamnati ma tana cin bashi. Idan kuɗin haraji da na kwastan ba su ishe ta ba, sai ta ranta daga Bankin Duniya, ko asusun FMI, ko wata ƙasa, ko bankunan yankinmu. Kowane bashi yana da ranar biya, kuma akasari da kuɗin ruwa a kansa.

Ina kuɗin suka shiga?

Mu ɗauki manoma biyu. Na farko ya ranci kuɗi ya sayi taki da iri. Da kaka ya biya, har ya samu rara. Na biyu ya ranta ya yi buki. Da kaka sai ya sayar da hatsin gidansa don ya biya. Haka ƙasa take. Bashin da ya zama hanya, ko lantarki, ko madatsar ruwa, yana ƙara arziki, daga nan ake biyansa. Wanda aka cinye kuwa, nauyinsa kawai ake gada.

Abin da ya faru a Nijar

A shekarun 1970 uraniyom ya yi daraja. Gwamnati ta ranci kuɗi da yawa bisa zaton haka za a ɗore. A farkon shekarun 1980 farashinsa ya faɗi, amma bashin bai ragu ba. A 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Bashin da aka ci da kuɗin waje sai ya ninka. Kuɗin da za su biya malamai da magani suka tafi wajen masu bin bashi, albashi ya riƙa makara.

A 2000 Nijar ta shiga shirin sassauta wa ƙasashe matalauta bashi. A 2004 da 2006 aka yafe mata kaso mai yawa, da sharaɗin zuba rarar cikin yaƙi da talauci.

Darasin bai tsufa ba. A 2024 gwamnati ta karɓi rancen dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin man fetur na ƙasar Sin, CNPC, da niyyar biya da ɗanyen man Agadem. Farashin mai kuwa yana hawa yana sauka, kamar na uraniyom.

Me ya shafe mu?

Mu ne masu biya, ta harajin kasuwa da na kayan da muke saye. Kuma idan gwamnati ta kwashe kuɗin bankuna, ɗan kasuwar Maraɗi zai sha wuyar samun rance.

Saboda haka, in kun ji a rediyo an ci sabon bashi, ku yi tambaya uku: Me za a yi da shi? Nawa ne ruwansa? Da me za a biya in farashi ya faɗi?