Zauren Tarbiyya: Karatu yaron nan yake yi, ko hadda yake kawowa?

Tun da na shiga makarantar horon malamai da ake kira ENIEG, aka fara tura mu azuzuwan ƙananan yara domin gwajin koyarwa, tambaya guda ta tsaya mini a rai: ta yaya malami ko uba zai tabbatar cewa yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya iya karatu?

Mafi yawanmu takardar sakamako muke dubawa. In mun ga 15 bisa 20 sai mu yi hamdala, mu sa wa yaro albarka. To amma a duba yadda ake samun wannan lamba. A ajin SIL ko CP mai cike da yara, malami yakan rubuta jimla a allon bango, ya karanta, aji ya amsa da murya ɗaya, a maimaita har sau goma. Ranar jarrabawa kuma wannan jimlar ce dai za ta dawo. Yaronmu da ya taso a makarantar allo ya fi kowa gwaninta a nan, domin kunnensa horarre ne, sau uku zai ji abu ya riƙe. Baiwa ce babba, sai dai takan rufe wa malami ido. Na ga yaron da ya zuba shafi guda ba tuntuɓe, yatsansa na bin layi. Da aka nuna masa kalma ta huɗu a layi na uku aka ce ya faɗe ta ita kaɗai, sai ya koma farkon shafi yana gunguni har ya iso gare ta. Ƙirga yake yi, idonsa bai san kalmar ba.

Malaman zaure sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa suka jera matakai: babbaƙu, inda yaro zai san kowane harafi da sunansa, su ha kuri da mim jaye, sai farfaru, inda wasali yake shigowa, sannan hajjatu, lokacin da zai fara haɗa kalma da kansa. Mahaifina, in almajiri ya zo biya allonsa, ba ya barinsa ya fara daga sama kullum. Tsinke yakan ɗauka ya ɗora a tsakiyar allo, ko ya bi da shi daga ƙasa zuwa sama, kuma ba ya cewa a je a wanke sai yaro ya gane abin da tsinken ya nuna.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, masana na zamani a nan suka biyo. A shekarar 2006 wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna RTI ta tsara gwajin da ake kira EGRA. Ana zama da yaro shi kaɗai, a auna haruffa nawa ya sani, kalmomi nawa yake karantawa daidai cikin minti ɗaya, sannan a yi masa tambayoyi a kan abin da ya karanta. A ciki har da kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, kamar a ce "lomi" ko "nudo", domin ba yadda za a yi yaro ya taɓa haddace su. In ya karanta su, to lallai haruffa yake haɗawa. Da aka yi wannan gwaji da Hausa a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2011, sai aka tarar mafi yawan yaran aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, a harshen da suka tsotsa a nono. Kada kuma mu ce matsalar ta maƙwabta ce. Binciken PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma har da Kamaru, ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na yaran farkon firamare a waɗannan ƙasashe ba su kai matakin da ake buƙata a harshen koyarwa ba.

Akwai kuma zalunci na ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika maganarsa ba, wato a kayar da yaron da ya iya. Ɗanmu na New Bell Hausa yake yi a gida, Faransanci a aji, Larabci a gaban malam, ga kuma Turancin kasuwa da yake tsinta a titi. In ya ga "vélo" ya ce "belo", ko ya ga "papa" ya ce "fafa", ya karanta. Harshensa ne na Bahaushe, kuma gyaran lafazi darasi ne daban. Da safe yana rubutu daga hagu zuwa dama, da yamma daga dama zuwa hagu, don haka in ya rikita b da d na ɗan lokaci ba abin tashin hankali ba ne, yaran da ba su taɓa riƙe allo ba ma suna yi. Ga shi Faransanci ba ya sauƙaƙa wa kowa: sauti ɗaya a rubuta shi "o", a rubuta "au", a rubuta "eau", ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Wajen fahimta kuwa, sau da yawa yaro ya gane labarin sarai, Faransancin da zai mayar da amsa ne ya ƙaranta. A tambaye shi da Hausa a ji. Sannan duk gwajin da aka yi da bulala a ajiye a kan tebur, tsoron yaro kawai aka auna.

Uba ko uwa na iya yin wannan awo a gida cikin minti goma, tsakanin magariba da isha'i. A ƙasar Indiya ƙungiyar Pratham tana bi gida gida da irinsa tun 2005, da takarda guda mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sai ɗan labari. A rubuta haruffa goma a hargitse, ba bisa jerin da aka saba rerawa ba. In ya wuce, a ba shi kalmomi biyar da ba daga darasin makon nan suka fito ba. In ya wuce, jimloli huɗu da bai taɓa gani ba, sannan a rufe takarda a ce ya ba da labarin abin da ya karanta. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa, ko da takardar makaranta ta ce shi ne na uku a aji. Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce wannan ba nata ba ne. Yayansa ko yayarsa su riƙe takarda, ita ta saurara, ai ta san bambancin mai tafiya da mai lalube. Kwalin sukari, gwangwanin madara da allunan shaguna a hanyar Marché Central duk sun isa littafin gwaji.

A yi wannan kafin yaro ya shiga CE1, domin daga nan lissafi da sauran darussa duk a kan karatu suke hawa. Wanda ya wuce da hadda kaɗai zai yi ta jan ƙafa, ya maimaita aji, har a kai ga cewa kansa ba ya ja, a cire shi a kai shi shago tun bai ga jarrabawar CEP ba. In kuma an je ganin malaminsa, a tafi da magana ƙwaya ɗaya, kamar a ce: "Malam, ya san haruffa, amma in aka haɗa uku sai ya tsaya." Da irin wannan bayani malami ya san inda zai kama gobe da safe.