Rajistar Gyaran Hoto Ita Ce Shaidar Ɗan Kasuwa

Babu ɗan kasuwar da zai ba da bashin buhun masara a Kasuwan Magani, da ke ƙaramar hukumar Kajuru a Jihar Kaduna, ba tare da shaida ko rubutu ba. Abin mamaki shi ne, wannan ɗan kasuwa mai taka-tsantsan shi ne zai ba da aikin buga takardar da ake manna wa ledar garin citta ko kwalbar zuma ga maɗaba'a a Kaduna ko Kafanchan, ya riƙa aika gyara da saƙon murya ta WhatsApp, ba tare da ya ajiye wata hujja ba. Sai an buga dubbai sannan a tarar lambar waya ko lambar rajistar NAFDAC ba daidai take ba. Mai kaya ya ce ya gyara, mai ɗab'i ya ce abin da aka amince da shi ya buga, kuɗi kuwa sun riga sun salwanta.

Tushen matsalar shi ne yawan kwafe-kwafe. Duk gyaran da aka yi sai an turo sabon hoto, har su taru biyar ko shida, a rasa wanda yake na ƙarshe, alhali ainihin zanen yana kwamfutar mai zane shi kaɗai.

Masana kwamfuta sun daɗe da samo maganin wannan. A 1994 manhajar Photoshop ta fara raba hoto falle-falle, wato rubutu daban, tambari daban, launin baya daban, ta yadda za a gyara ɗaya ba tare da taɓa saura ba. A 1998 ta ƙara jerin matakan aiki da ke ba da damar komawa baya. Daga bisani Canva, wadda ta fito daga Ostireliya a 2013, da Figma ta Amurka, wadda aka buɗe wa jama'a a 2016, suka mayar da aikin kan intanet.

A wannan tsari zane guda ne tak, kowa shi yake gani. A Figma, idan wani ya sauya launi, wani kuma ya gyara rubutu a lokaci guda, duka biyun za su zauna. Idan kuwa abu ɗaya suka taɓa, gyaran da ya isa babbar na'ura a ƙarshe shi ne zai tsaya. Mafi muhimmanci, manhajar na adana tarihin zanen tare da suna da lokaci. Darajar wannan fasaha ce ta sa kamfanin Adobe ya amince ya sayi Figma kan dala biliyan 20 a 2022, kafin cinikin ya rushe a 2023 saboda adawar hukumomin Tarayyar Turai da Birtaniya.

Gaskiya ne akwai cikas: ƙarancin wutar lantarki, tsadar data, da kuɗin rajista da ake lissafawa da dala. Haka kuma tarihin da ake bayarwa kyauta taƙaitacce ne. A Figma kwana 30 ne kawai. To amma duk wannan bai kai asarar sake buga aiki daga farko ba.

Saboda haka muna ganin ya kamata ɗan kasuwa ya gindaya sharuɗɗa uku kafin ya biya kafin alƙalami: a buɗe zanen da asusunsa, domin ya zama mallakarsa, a rubuta kowane gyara a jikin zanen, a kuma sa wa na ƙarshe suna da kwanan wata, kowane ɓangare ya ajiye kwafi.

Bayan annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, masu sarrafa amfanin gona ba su da jarin da za su zubar kan kuskuren ɗab'i. Cibiyoyi irin su Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, wadda ta daɗe tana koyar da kwamfuta, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, za su iya horar da matasa wannan aiki. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.